Tela ya riga madubi sani

Mutumin da ya fara gaya mini gaskiya game da jikina tela ne, kuma ladan da ya samu shi ne na daina kai masa ɗinki. Ana saura sati uku ƙaramar Sallah na kai masa shadda yadi biyar, a yi mini kaftani da wando kamar yadda aka saba. Ya zagaya tef a cikina, ya duba tsohon littafinsa, ya sake zagayawa, sannan ya sassauta murya ya ce, "Yallaɓai, sai dai a ƙaro yadi ɗaya." Na ce shekara nawa kana yi mini ɗinki da yadi biyar? Ya ce, "Da ke nan, ranka ya daɗe." Na naɗe shaddata na fita, ina faɗi a raina cewa teloli duk halinsu ɗaya, so yake ya sami ragowar da zai ɗinka wa ɗansa riga.

Ƙannena maza da mata, wannan labari nake so mu fara da shi, domin a cikinku akwai masu ɗauke da nauyin da suka ƙi yarda suna ɗauke da shi, akwai kuma waɗanda suka sauke nauyin amma har yau ba su yarda sun sauke ba. Na zauna a gidajen nan biyu. Abin da na gano shi ne maigidan ɗaya ne. Kowane mutum yana da hoton kansa a cikin kansa, kuma hoton nan ba ya tafiya da saurin jiki. Lokacin da nake hauhawa, hoton yana nuna mini saurayin da ya gama sakandare yana buga ƙwallo a filin unguwa. Lokacin da na sauko, sai ya dage wajen nuna mini ƙaton da ake haɗa wa kujerun roba biyu a wurin biki.

Mu kuma Allah ya ba mu suturar da ke rufa asiri fiye da kima. Wanda ke sa wando mai maɓalli da bel, ranar da ya ƙara ƙiba wandon zai sanar da shi tun da safe. Wando mai zariya ba ya gulma, ka ɗan sassauta kawai ka wuce. Babbar riga tana ɗaukar mutum biyu ba ta yi ƙorafi ba. Zani ba shi da lamba, hijabi ma haka. Sai mutum ya shekara goma yana ƙaruwa babu abin da ya matse shi balle ya tsaya ya yi tunani. Ga kuma bakin jama'a da ke shafa masa mai: ka murje, hutu ya karɓe ka, kuɗi sun zauna, amarya ta iya girki. A wurinmu tumbi shaidar wadata ce, rama kuwa alamar wahala. Ban ga laifin kakanninmu ba a kan wannan, mutanen da suka san fari da yunwa dole su ga ƙiba a matsayin rufin asiri. Amma su noma suke yi da fartanya, su tafi kasuwar ƙauye da ƙafa. Ni kuwa daga kujerar ofis sai kujerar mota, daga nan sai teburin mai shayi, inda ake haɗa mini mai kauri da burodi da ƙwai huɗu bayan na riga na ci tuwon dare.

Dalilai kuwa ina da su cike da buhu. Jikin gado ne, duk danginmu haka muke. Ƙashina ne mai nauyi. Ai ban cika cin abinci ba, ruwa ma in na sha ƙiba yake sa ni. Akwai gaskiya kaɗan a batun gado, domin ƙiba tana bin jini. Amma da wannan 'yar gaskiyar nake lulluɓe babbar ƙarya. Da aka turo hotunan ɗaurin auren wani ƙanena a WhatsApp, na daɗe ina kallon wani mutum a gefen hoton, wuyansa ya nutse cikin kafaɗu, kafin na gane hular tawa ce. Kun san abin da na ce? Mai hoton ne bai iya ɗauka ba. Daga ranar na koma tsayawa a layin baya, ko in karɓi wayar in ce ni zan ɗauka.

Kada ku ɗauka wauta ce ke sa mutum haka. Kunya ce. In ka yarda kana da matsala, ka yarda ke nan cewa duk masu yi maka dariya a bayan ido sun fi ka gaskiya, kuma zuciya ba ta son wannan. Shi ya sa gori ba ya sa kowa ya rage ƙiba. Wanda aka kira buhun masara a gaban mutane gida zai koma ya huce a kan kwano. In kuna da ɗan'uwa ko ƙawa a wannan hali, ku sani ya riga ku sanin abin da kuke son gaya masa, ya ɓoye wa kansa ne kawai.

Ni a masallaci asirina ya tonu. Na wayi gari sujada tana tsayar mini da numfashi, zaman tahiya sai na karkace, tashi zuwa raka'a ta biyu sai na dafa ƙasa da hannu biyu kamar mai tura mota. Wata Asuba wani dattijo da ya kusa haifata ya miƙo mini kujerarsa ta roba, ya ce, "Ɗana, yi amfani da wannan, ni zan iya." Da kyakkyawar niyya ya yi. Ban kai shekara arba'in ba a lokacin. A satin na je asibiti na hau sikeli, abin da na shekara bakwai ina kauce wa. Kilo 122. Sugan jinina kafin karin kumallo 118, likita ta ce daga 126 ake kiran sa ciwon suga, wato ina bakin ƙofa ina kwance takalmi.

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan hatsin wani, haka ne. A kan jikinka kuwa, idonka bai san komai ba, domin shi ma ɗan gida ne, yana da ra'ayi. Saboda haka ku nemi mudu na gaske. Likitoci suna da lissafin da ake kira BMI: ka raba nauyinka na kilo da tsawonka na mita sau kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuwa ƙiba ce da ake lissafawa cikin cuta. Tsawona mita 1.75, nawa ya kusa 40. Lissafin yana da nakasu, tun da wani masanin lissafi ɗan Beljiyam mai suna Adolphe Quetelet ne ya ƙirƙiro shi a ƙarni na 19 don auna jama'a a dunƙule, kuma ba ya bambance tsoka da kitse, ɗan dambe ma sai ya ce masa mai ƙiba. Akwai awon da ya fi shi sauƙi, ko sisi ba ya ci. Ka sami igiya ka yanke ta daidai tsawonka, ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka wajen saitin cibiya. In bakin igiyar bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, kuma shi ne mai jawo suga da hawan jini. Hukumar nan ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙiba. Na kawo wannan adadi ne don wanda ke jin shi kaɗai Allah ya jarrabta ya san layin yana da tsawo.

Yadda na rage ba wani sirri ba ne, kuma ba zan daɗe a kansa ba. Malmala uku ta koma ɗaya da rabi, miya da ganye suka ƙaru, zogale da rama da wake suka dawo kwanona. Na rabu da lemon kwalba, wanda mai rabin lita kan iya ƙunsar sukarin da ya haura cokalin shayi goma. Fura na ci gaba da sha, ba sukari. Bayan Asuba in yi tafiyar minti talatin, wadda da farko minti goma ce da haki. Hadisin nan da ya kasa ciki gida uku, wanda na haddace tun ina Islamiyya ina kuma karanta wa wasu, sai a lokacin na fara aiki da shi. Likitar ba ta ce in zama siriri ba. Ta ce in fara da kilo takwas ko tara. Ta ba ni labarin wani babban bincike da aka yi a Amurka a kan mutum fiye da 3,000 masu irin matsayina, aka fitar da sakamakonsa a 2002: waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu da kashi 58 cikin ɗari, fiye da waɗanda aka ba maganin metfomin, da nasu ya ragu da kashi 31. Kilo takwas abu ne da zuciya za ta iya ɗauka. Da ta ce mini arba'in, da ban koma ba.

Abin da babu wanda ya shirya ni a kansa shi ne bakin mutane. Da na sauke kilo goma sha biyar, gaisuwa ta canza. "Lafiya kuwa?" "Wani abu ke damunka?" "Ko kasuwa ce?" Wani abokina ya ja ni gefe ya ce in akwai bashi in faɗa masa. Wasu ba su tambaya ba, kallo kawai suke yi, kuma na san kallon. Mu ne fa muka raɗa wa cuta suna ƙanjamau, daga ƙanjamewa, don haka duk wanda ya rame da sauri a cikinmu ya san abin da ake raɗawa in ya juya baya. Mahaifiyata ta riƙe hannuna ta ce, "Kai, ka gaya mini gaskiya, me likita ya ce?" Na rantse mata lafiyata ƙalau, da gangan nake yi. Ta ce, "Da gangan mutum zai mai da kansa haka?" Ranar sai da na cinye tuwon da ta zuba mini duka, don hawayenta sun fi ƙarfin tsarina. Daga baya na koyi zuwa gidanta da yunwata, in ci rabi a gabanta ina santi, in ce a rufe mini sauran. Na kuma kai ta asibiti ta ji daga bakin likita. Ku yi wa iyaye bayani da haƙuri, tsoronsu daga ƙauna yake. Sauran jama'a kuwa amsa ɗaya ta ishe su: likita ne ya sa ni, alhamdu lillahi.

Ku 'yan mata da matan aure, na san naku ya ninka nawa. In matar aure ta rame, mijinta ake tuhuma, ko a ce kishiya ce ta sa ta a gaba. In budurwa ce, a ce wa zai aure ta haka kamar sillen kara. Wannan matsin ne ke tura wasu shan ƙwayoyi irin su deksametazon don su ciko, alhali wannan magani kumbura fuska yake yi, ya tara kitse a ciki, ya haura da suga da jini, ya raunana ƙashi. Sai ga shi a waya ɗaya, yarinya tana ganin masu tallan maganin ƙiba da masu tallan shayin rage tumbi, wani lokaci ma mai shago ɗaya ce. Duk jikin da kike da shi, akwai mai jiran ya sayar miki da wani.

Sannan jiki da kansa yana ja da baya, kuma ya kamata ku san wannan tun kafin ku fara, don kada ku zargi kanku da rashin zuciya. Kitse yana fitar da wani sinadari mai suna leftin, wanda Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano a 1994. Shi ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa rumbu a cike yake. In kitse ya ragu, leftin ya ragu, ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka fari aka shiga, ta ƙara yunwa, ta rage yawan abin da jiki ke ƙonawa. Wani mai bincike a Amurka, Kevin Hall, ya bi mutum 14 da suka yi gasar rage ƙiba a shirin talabijin na The Biggest Loser. A rahoton da suka fitar a 2016, shekara shida bayan gasar, yawancinsu sun mayar da kaso mai yawa na nauyin, kuma jikinsu yana ƙona kusan kalori 500 a rana ƙasa da abin da ake tsammani ga mai girmansu. Ko allurar Wegovy da aka amince da ita a Amurka a 2021, wadda ke sauke kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyi, waɗanda suka daina ta sun mayar da wajen kashi biyu cikin uku na abin da suka rage a cikin shekara guda. Don haka in ka hau sikeli bayan Babbar Sallah ka ga kilo uku sun dawo, ba ka lalace ba. Haɗarin yana wurin da za ka ce bari in daina hawa sikelin sai na gyara. Ta wannan ƙofar tsohon musun yake dawowa, da sallamarsa.

Cikin shekara biyu da 'yan watanni na sauka zuwa kilo 88. Na ɗauka ranar da na kai nan zan tsaya gaban madubi in yi murna. Abin da na gani fata ce ta saki a ciki da damatsa, kamar jakar da aka zazzage. Fuskata ta faɗa, na ƙara shekaru a ido. Kuma a cikin kaina ban rage ko kilo ɗaya ba. In zan wuce tsakanin motoci biyu sai in karkace, alhali akwai wurin da zan wuce da buhu a kai. In na shiga tasha sai in miƙa kuɗin mutum biyu a gidan gaba, ɗan kamasho yana kallona. A wurin biki ina taɓa kujerar roba in gwada ƙarfinta kafin in zauna. Na shiga kasuwa na sayo singileti irin girman da, na zo gida na sa, ya sauko mini kamar rigar aro. Maiɗakina ta yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa abin bai ba ni dariya ba, don tsoro ya ba ni: in idona ya yi mini ƙarya ina 122, ya kuma yi mini ina 88, to yaushe ya taɓa gaya mini gaskiya?

Yabo ma yana da ƙaya. "Kai, yanzu ka zama mutum!" Da me nake? Mutanen da ba sa kula ni suka fara tsayawa mu gaisa. Wani ya ce, "Da fa kunyar fita da kai muke ji," yana dariya, yana ganin ya faranta mini. Na yi wata da watanni ina jin haushin kowa, na fi kuma jin haushin mutumin cikin tsofaffin hotuna, har na fara goge su daga waya. Maiɗakina ce ta tsayar da ni. Ta ce, "Wannan da kake gogewa shi na aura, shi ne uban 'ya'yana, kuma shi ya tashi da Asuba yana haki ya yi tafiyar da kai kake cin amfaninta." Ban sake goge ko ɗaya ba. Ina roƙonku ku ma kada ku gina sabon jiki a kan ƙin tsohon. Wanda ya rage ƙiba don ya tsani kansa, in ya rame zai tarar da tsanar tana nan, ta sami wani abin kamawa kawai: yau fata, gobe hanci.

Akwai kuma ramin da ke ɗaya gefen, kuma matasa sun fi faɗawa. Tun da hoton cikin kai bai canza ba, sai mutum ya ce bai rage isasshe ba, ya ƙara matsawa. In ka ga kana hawa sikeli sau uku a rana, ko lambar safe ce ke yanke maka yadda za ka yini, ko kana fakewa da azumin nafila alhali ka san ba lada kake nema ba, ko kana cin abinci ka je ka amayar, ko ke al'adarki ta ɗauke, gashi yana zuba, jiri yana ɗibarki, to an bar neman lafiya an shiga wata cutar, kuma tana kisa. A je asibiti, a faɗa wa likita yadda abin yake ba tare da kwaskwarima ba. Ganin likitan ƙwaƙwalwa ba hauka ba ne. Saurin ramewa ma kansa yana iya haifar da tsakuwa a matsarmama, shi ya sa ake son a sauka a hankali, kamar rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako.

Abin da ya taimake ni shi ne na sauke madubi daga kujerar alƙali, na ɗora abubuwan da ba su da ra'ayi. Sikeli sau ɗaya a mako, ranar Asabar da safe, in rubuta a littafi ko lambar ta yi mini daɗi ko ba ta yi ba. Igiyar nan sau ɗaya a wata. Awon suga da na jini. Sai kuma abin da jiki ke iya yi, wanda ya fi duk sauran faranta mini rai: na yi tarawihi a tsaye daga farko har ƙarshe, na ɗaure igiyar takalmi ban riƙe numfashi ba, na hau bene hawa uku ina magana a waya, maiɗakina ta ce minsharin da ke hana ta barci ya tafi. Na kuma tilasta wa kaina shiga hoto a layin gaba, in kalle shi sosai, domin hoton cikin kai da gani yake gyaruwa, a hankali, kamar yadda ido ke sabawa da ɗaki bayan an shigo daga rana. Nawa ya ɗauki fiye da shekara kafin ya kusa kamo jikina, kuma har yau akwai safiyar da nake tashi ina jin ni ƙato ne. A lissafin BMI ma har yanzu ina cikin masu nauyi fiye da kima, kusan 29. Na bar shi a haka, sugana ya daidaita, gwiwata ta daina kuka.

Bara, ana saura wata guda Sallah, na kwashi tsofaffin kayana na koma wurin telan nan, bayan shekarun da na yi ina zagaye layinsa. Ya ɗago kai ya dube ni, bai gane ni ba sai da na yi magana. Ya ce, "Yallaɓai! Lafiya dai ko?" Na ce lafiya lau, haƙuri na zo ba ka, kuma a rage mini waɗannan. Ya ce babu komai, ya jawo tsohon littafin, ya nemo shafina, ya zagaya tef, ya soke tsohuwar lamba ya rubuta sabuwa a gefenta. Na leƙa na ce anya ka auna daidai, kamar ya yi kaɗan. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wancan karon ma haka ka ce." Ya ɗaga wata babbar rigata ya ware ta a iska, ya ce abin da za a cire a nan zai yi wa yaro kaftani har da wando. Na ce to a yi wa ɗanka.